Ɗakin Baƙin Kawu Isiya

Abin da na sa a gaba a waccan shekarar ɗaki ɗaya ne tak: ɗakin baƙin Kawu Isiya da ke bakin titi a Garo, mai ƙofar ƙarfe da daɓen siminti. Ni dillalin hatsi ne, in na kalli ɗaki irin wannan sito nake gani. Shi kuwa Kawu, ku da kuka san shi kun sani, da hantsi yana bakin tasha, duk wanda ya sauko daga mota da baƙuwar fuska sai ya karɓe masa jaka kafin ya ji sunansa.

Mutumin da ke tsaga tsinken ashana gida biyu da reza. Ganyen shayi kuwa sai ya shanya shi ya sake dafawa. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ai ruwan zafi ne kawai." Ya ce, "To sha shi a ruwan zafin. Wa ya yi maka alkawarin shayi?" Amma baƙo na sauka, kaza ta shiga uku.

Na roƙe shi ɗakin, na ce yanzu wa ke sauka gidan mutane, ga otal a Gwarzo. Ya ce, "Otal ɗin zai tambaye shi ya ya baro gida?" Ya juya mini ƙeya.

Ana nan na haɗu da Juma a kasuwar Gwarzo, ɗan Tanzaniya ne da ke karatu a wata jami'a a Kano. Bincike yake kan yadda ake karɓar baƙi a garuruwanmu, da ko masu yawon buɗe ido za su iya sauka gidajen jama'a. Sai dabara ta zo mini: in kai shi ya tambayi Kawu baƙi nawa ya sauke bana, Kawu ya faɗa da bakinsa cewa ɗakin zaman banza yake.

Da na kai shi gidan Kawu, Juma ya kunna waya zai ɗauki magana. Kawu ya fara: ya hanya, ya gajiya, ya mutanen Kano, mahaifiya na da rai, damina ta yi kyau a can, gero kuke ci ko masara. Juma na amsawa da Hausarsa ta ɗan koyo. Har cajin wayar ya ƙare ba a kai ga tambayar farko ba.

Na ce, "Kawu, tambaya fa ya zo yi."

"Da yunwa? Kai, shigar masa da jakar nan."

Da hannuna na shigar da jakar cikin ɗakin da nake nema.

Washegari Juma ya samu ya yi tambayar. Kawu ya ce, "Ba na ƙirga mutane, ba awaki ba ne. Amma in dole ne, sa ɗaya, ga ka nan." Da Juma ya fito da kuɗin masauki da jami'a ta ba shi, na matsa na ce a hankali, "Kawu, karɓa mana." Ya nuna ni ya ce wa Juma, "Ɗan ƙanwata ne. In aka bar shi, ruwan alwala ma da tiya zai auna maka."

Tafiya ce ta gagara. Juma ya ce kakarsa ta hore shi kada ya bar gidan dattijo sai an sallame shi. Kawu kuma a wurinsa abin kunya ne mai gida ya buɗe baki ya sallami baƙo. Duk ranar da Juma ya ɗauko zancen a kaikaice, sai Kawu ya ce, "Ai an riga an yanka." Ya riƙa yawo da shi gidajen dattawa har Dugabau, kowa ya amsa tambayoyi, kowa ya ciyar. Aka yi girbi, dawa ta shigo, na kama hayar sito a Gwarzo, Juma kuma ya yi kumatu.

Sai da malaminsa ya kira daga Kano sannan Kawu ya raka shi tasha. A can ya tsaya yi masa cinikin kuɗin mota har motar ta cika ta tafi. Suka dawo gida tare, Kawu na murmushi.

Bara Kawu ya rasu. Juma ya zo ta'aziyya da wasu ɗalibai 'yan ƙasashen waje, suka zauna kan tabarma da mu, ba wanda ya ce musu baƙi. Da aka raba gado na sayi ɗakin, na sa aka share shi zan zuba buhuna. Ranar ce wani ɗalibi ɗan Kamaru ya sauko daga mota yana tambayar gidan Kawu Isiya, wai Juma ne ya kwatanta masa. Na tsaya na kalli buhuna, na kalle shi. Na karɓi jakar.

Sito dai na rasa shi, har yau haya nake biya a Gwarzo. Abin da na samu, akwai mutane a ƙasashen da ban taɓa takawa ba da suka san Garo da sunan kawuna. Na daɗe ina ciniki, ban taɓa yin faɗuwar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sauke shi a masaukin da ya fi nasa, ya karɓe shi da fuskar rahama.