Nafi'u Mai Koya wa Ɓeraye Sauraro

Jikana Nafi'u kunne gare shi tun yana yaro a Kwarbai. Da ya ji lugude, ya san gidan da ake dakan. Na ce alaramma za mu samu. Ina! Yau aikinsa a ɗakin bincike na jami'a kunna wa ɓeraye sauti bi da bi. Wanda ya bambance wannan jerin sauti da wancan, a ɗiga masa ruwan sukari.

Da kawun Radiya, yarinyar da yake nema, zai zo tambayar sana'arsa, na ce wa Nafi'u, "Kai, ce masa malamin jami'a ne kai, ka rufe bakinka."

Sai ga shi har da fito yana kwatantawa.

Kawun ya ce, "Hajiya, mai haƙuri da ɓera ba zai gaza da 'yarmu ba."

An ba shi. Ni kuwa ya hana ni ɗana tarko a ɗakina.