Hannun da Baba Ya Ɗaga

Babana ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa bas ɗin ma'aikata na wani kamfanin sabulu, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Ba yabonsa nake yi ba. So nake ku san irin mutumin da aka kora saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya.

Ma'aikata Sai-a-Hankali suke kiransa, kuma ba don ƙauna suka raɗa masa ba. Laifinsa ɗaya ne: ba ya iya ganin mai keke a gabansa bai sassauta ba. Kafin ya kama sitiyari ya yi shekara takwas yana kai saƙo a kan keke, har ranar da wata babbar mota ta danna masa hon a ƙeya, ya firgita ya auka kwata. Tun daga nan ya kafa wa kansa dokoki da babu su a littafin kowa. Ba ya yi wa mai keke hon daga baya, domin a cewarsa hannun mutum ne ke fara firgita kafin zuciyarsa. In zai wuce shi, sai ya bar masa fili kamar faɗin ƙofa. In ruwa ya kwanta a titi, sai ya lallaɓa don kada ya yi wa wani wanka da taɓo. Innarmu takan ce masa, "Malam, da keke yana da baki, ai da kai zai riƙa kira uba." Sai ya yi dariya ya ci gaba da goge takalminsa.

Ni ce 'yarsa ta uku. Da na gama makaranta na samu aiki a sashen shirya kaya na kamfanin, don haka kullum da safe a bas ɗinsa nake tafiya, a kujerar da ke bayansa. A nan na san yadda mutane suke jin haushin kirki in ba su ake yi wa ba.

"Baba, taka mana mota!"

"Wallahi ko mai tura baro ya wuce mu."

Wanda ya fi kowa baki shi ne shugaban sashenmu, da muke kira Agogo saboda ba ya minti biyu bai duba hannunsa ba. Abin haushin, Baba bai taɓa kai su a makare ba. Yakan fito daga gida minti goma kafin lokaci don ya samu abin da zai raba wa masu keke a hanya. Minti goman nan daga barcinsa yake cirewa, amma sai ka rantse daga aljihunsu ake zara.

Akwai wata mahaɗa kusa da kasuwa, inda ƙaramin titi yake shiga babba. A nan muke tarar da mai ƙwai. Dogo ne siriri, da kiret goma sha biyu a bayan kekensa, an ɗaure da roba. Yana tsaye, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana jiran ya samu kafar tsallakawa, motoci suna wucewa ta gabansa kamar ba mutum ba ne. In hanya ta ba da hali, Baba yakan tsaya ya ɗaga masa hannu. Shi kuma ba ya iya sakin kan keke, sai dai ya sunkuyar da kai ya wuce. Shekara shida suna haka, ba wanda ya san sunan wani.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Tun daga nesa wata farar mota ta manne a bayanmu tana hon, kamar mai ita ya baro tukunya a wuta. Muka iso mahaɗa. Mai ƙwai yana wurinsa, rigarsa a jiƙe. Baba ya taka birki, ya duba madubi, da idona na ga ya duba. Farar motar ta lafe a bayan bas inda madubi ba ya kaiwa. Baba ya ɗaga hannu. Mai ƙwai ya sunkuyar da kai ya taka feda, ya shiga ta gabanmu. A daidai lokacin mai farar mota ya gaji da jira, ya fizgo ta gefenmu a guje. Jikin bas ya tare su, ba wanda ya ga wani.

Ƙarar ba ta da yawa. Abin da na fi tunawa shi ne ƙwai, titi gaba ɗaya ya koma rawaya, da tayar keke tana ta juyawa ita kaɗai.

Mai motar ya fito, mutum ne mai ƙiba da rigar ofis. Gaban motarsa ya fara dubawa. Sai da ya gama shafa fitila sannan ya ɗaga murya.

"Ai direban bas ne ya ce masa ya shigo! Kowa ya gani!"

Baba ya buɗe ƙofa. Ya sauka ya rungumi mai ƙwai, ya shigo da shi ya kwantar a tsakiyar bas, ya juya da mu duka zuwa asibiti. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin ya yi gudu da mota. Mutum yana nishi a ƙarƙashin ƙafafunmu, amma wallahi sai da na ji Agogo yana tambaya ko za a rubuta mana makara. Bayan kwana huɗu aka yanke wa mai ƙwai ƙafa ɗaya daga ƙasan gwiwa.

Mai farar mota ya san mutane, maganarsa ta mutu tun kafin ƙwan ya bushe a titi. Saura Baba. Manaja ya kira shi ofis, aka kira ni ma a matsayin shaida. Ga lauyan kamfani a zaune, ga takarda a kan tebur an riga an buga. Lauya ya yi bayani cikin murya mai laushi. In Baba ya sa hannu cewa rami ya gani ya tsaya, bai yi wa kowa alama ba, to mai keke ne ya faɗa titi da kansa, babu ruwan kamfani, Baba ya koma kan motarsa. In kuwa ya ce ya ɗaga hannu, kamfani ne zai ɗauki nauyin asibiti da na ƙafa, shi kuma ya karya dokar aiki, domin direba ba mai ba da hannu ba ne. Hukuncin wannan kora ce, babu fansho.

"Ka je ka yi tunani, Baba," in ji manaja. "Kwana uku. Mun tambayi ma'aikata, ba wanda ya ga komai."

Mutum arba'in a mota, a ce duk barci suke yi ko suna duba waya. Mutanen da ke ƙirga kowane birki da ya taka, ranar nan sai suka makance.

Ba zan wanke kaina ba. Ni ma na roƙe shi ya sa hannu. Na same shi a tsakar gida yana zaune a kan benci, na durƙusa a gabansa.

"Baba, shekara ashirin da shida fa. Ga ƙannena biyu a makaranta, ga ciwon Inna. Ba kai ka buge shi ba. Wanda ya buge shi yana can yana shan iska."

"Na sani."

"To don Allah ka sa hannun. Ni ma zan ce ban gani ba."

Ya daɗe yana kallona, har na sunkuyar da kai.

"Ke kina bayana," ya ce. "Kin gani. Mutumin nan shekara shida ba ya motsawa sai na ce masa ya motsa. Yanzu in ce shi ya jefa kansa? Da wane bakin?"

Inna tana bakin ƙofar kicin tana jinmu. Ta koma ciki ta yi ta wanke kwanon da ta riga ta wanke.

A rana ta uku Baba ya je ya rubuta da hannunsa cewa ya ɗaga hannu. Aka karɓi makulli da katin shiga. Mai gadin da ya shekara goma yana buɗe masa get shi aka sa ya raka shi waje. Washegari aka kawo sabon direba, mai hon kamar an aiko shi, Agogo har da cewa yanzu ne aka samu mota. Ni kuwa na ci gaba da hawa, don ba ni da wani aikin, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Bayan mako biyu Baba ya ce in raka shi asibiti. Ya sa rigarsa mai kyau, ya sayi lemo da ayaba. Bai ce yana jiran godiya ba, amma ni ina jira masa. A raina na ce ko ba komai, akwai mutum ɗaya a duniya da zai san abin da tsohon nan ya sayar don ya faɗi gaskiya.

Muka tarar da mai ƙwai a gado na ƙarshe a ɗakin masu karaya, ya rame, zanen gado ya lafe a inda ya kamata ƙafa ta kasance. Matarsa ta miƙe ta ba Baba kujera, ta gaishe shi da ladabi, ta ce sun ji abin da ya yi, Allah ya saka. Baba ya zauna, ya ajiye leda a ƙasa.

"Sannu, ɗan'uwa. Ya jikin?"

Mai ƙwai ya juyo a hankali ya dube shi. Wannan ne karo na farko da na ji muryarsa, kuma babu faɗa a cikinta ko kaɗan.

"Direba, an ce ka rasa aikinka saboda ni. Allah ya ba ka wani." Ya ja numfashi. "Amma bari in gaya maka. Shekara goma sha tara ina kan titin nan. An zage ni, an watsa min ruwa, an tura ni kwata. Duk na san yadda zan yi da su, don ban taɓa yarda da ko ɗaya ba. Kullum sai na leƙa da idona. Kai kaɗai ne in ka ce in wuce ba na dubawa."

Matarsa ta ce, "Haba, Malam."

"Ƙyale ni in faɗa. Da ka yi min hon ka wuce kamar kowa, da yanzu ina da ƙafata."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya dafa hannuna.

"Gaskiya ne," ya ce.

Ya tura ledar kusa da gadon, ya miƙe, muka fita.