Mai Walda da Gicciyen Matarsa

Mijin yayata mai walda ne, kuma a unguwarmu ba mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Ina-zuwa ake ce masa. Yara ma haka suke gaishe shi, "Baba Ina-zuwa, ina kwana," ya amsa yana tafiya. Daga bakinsa sunan ya fito. Ka fara masa magana, kafin ka kai tsakiya ya ɗaga maka hannu, ya ce "Ina zuwa," ya yi gaba. Wani lokaci ya dawo, wani lokaci sai gobe. A tsaye yake cin abinci. A coci kuwa bencin ƙarshe ne nasa, dab da ƙofa, domin fasto na tsakiyar wa'azi idonsa zai hango tagar da ta karkace, sai dai ka ji shi a waje yana ƙwanƙwasa.

Ni ce autar gidanmu, kuma shagon ɗinkina yana kallon nasa, titi ne kawai a tsakani. Shekara da shekaru na sha ƙarar gudumarsa, bakina kuma bai taɓa raga masa ba. Nakan ce, "Mijin Yaya, wai ƙusa aka kafa maka a wando ne?" Ya ce, "Auta, ranar da kika ga na zauna, ki kira likita." Yaya sai dai ta yi murmushi. Ita mace ce mai sanyi, tana iya wuni a wuri guda tana tsifar tsohuwar riga. Yadda suka yi zama har suka aurar da 'yarsu, Allah kaɗai ya sani.

Ƙofa da taga ne abincinsa, amma aikin da aka san shi da shi shi ne gicciyen kabari. Kusan duk gicciyen da ke maƙabartar cocinmu daga hannunsa ya fito. Yana da tsarinsa da ba ya canzawa ko wane ne ya mutu: bututu biyu marasa nauyi, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ɗan farantin suna, baƙin fenti, shi ke nan. Masu hali sukan zo su ce a yi musu ƙato, mai ado, a zagaye da shinge. Sai ya ce, "Na mene ne? Mutumin nan ba zama ya je yi ba, jira yake. Yesu da aka kafa a kan gicciyen ainihi ya riga ya ɗauke nauyin, kuma shi ma kabarin bai iya riƙe shi ba." Yana faɗa yana yankan ƙarfe, ko kai ba ya ɗagawa. Wuri ɗaya kawai yake ɓata lokaci, inda ƙarafan biyu suka haɗu. Nan zai liƙa gaba, ya juya ya liƙa baya, ya buga da guduma ya saurara.

Sai Yaya ta kwanta ciwo. Ɗakin da aka ba ta a asibiti babu kujerar mai jinya, don haka muka ɗauko wata ta ƙarfe daga gida, wadda shi da kansa ya ƙera shekarar da suka yi aure. Ni nake zama a kanta. Shi kuwa ya shigo ya fita, ya sayo magani, ya gyara labule, ya tare ma'aikaciya da tambaya, ya sake fita. Wata rana da yamma Yaya ta dube shi ta ce, "Baban yarinya, zauna mana." Na tashi na ba shi wuri. Ya ɗosana a bakin kujerar, ta yi ɗan gwale ta karkata. Ya miƙe zumbur, ya kifa ta, ya ga ƙafa ɗaya ta tsage daga gindi. "Wannan za ta kayar da mutum," in ji shi. "Ina zuwa." Ya aza ta a ka ya fita.

Ya dawo da kujerar a kansa, ƙafar a liƙe, ya tarar an ja wa Yaya zane har fuska. A bakin ƙofa ya tsaya, bai shiga ba, bai sauke kujerar ba, har sai da wata ma'aikaciya ta ce ya ba ta hanya.

A sabon layi aka binne ta, can ƙasan maƙabarta inda gangara take. Ya kafa guntun katako a wajen kai, ya juyo ya ce mana, "Kada kowa ya sa komai. Nata ni zan yi." Ba wanda ya yi musu. Wa zai yi in ba shi ba? Kujerar kuma ya rataye ta a bangon shago, can sama. Daga ranar bai sake taka coci ba, bai sake taka maƙabarta ba.

Ina kallo daga shagona ya yi gicciyen farko, irin wanda ya saba. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya jinjina, ya sa inji ya yanke. Na leƙa na tambaya. Ya ce, "Ɓarayin ƙarfe za su tumɓuke shi." Ya sayo ƙarfe mai kauri ya yi na biyu. Ya ƙara masa ƙafafu. Ya ce iska, ya ƙara masa tokara. Ya ce awaki, ya zagaye shi da shinge. Ya ce mutane za su tsallaka, ya shimfiɗa rodi a sama, ya yi wa abin ƙofa, ya yi wa ƙofar wurin kwaɗo. Masu ƙofofi suka gaji da sintiri suka kwashe aikinsu. Iyalan da suka binne nasu a layin Yaya suka zo neman gicciye, ya ce sai ya gama wannan. Suka jira, don sun saba da hannunsa. Ya rame, idanunsa suka yi ja saboda ya daina sa baƙin gilashi, yana kai da kawowa tsakanin ƙarfen da titi kamar wanda ya ɗora abu a wuta.

Tsohon da ke gadin maƙabarta ya tare ni ranar Lahadi. Ya ce, "'Yata, ki gaya wa mutumin nan damina ta kusa. Ƙasar wurin nan ba ta riƙe tudu, gara kuma ta fara cin katakon. In ruwa ya sauko layin nan babu alama, ni ba ruwana."  Na tsinto 'yan duwatsu na jera a kan Yaya a ɓoye, na wuce shagon kai tsaye.

"Mijin Yaya, kabarin zai ɓace."

"Na kusa."

"Ka kafa ƙarami tukuna, in ka gama wannan dodon ka canza."

"Ƙarami? Ita?" Ya dube ni kamar na zage ta.

"To tsaya ka ji. Akwai maganar da Yaya ta faɗa bayan ka fita ran nan..."

"Ina zuwa."

Haka muka yi ta yi. Saƙon yana bakina, na bi shi da shi shago, na bi shi gida, na tare shi a titi. Da ya ji na ambaci ranar, sai ƙafarsa ta ɗauke shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka a kan keken ɗinkina ba sau ɗaya ba. Yayata ce, ciki ɗaya muka fito, amma an hana ni ko sa mata alama.

Ranar da ya ce ya gama, ya ɗauko motar kaya, samarin coci suka zo taimako. Suka kama, suka yi nishi, abin ya ɗaga kaɗan ya koma. Suka ce a nemo ƙarin hannu. Ina-zuwa ne zai jira a nemo mutane? Ya tura su gefe, ya shiga ƙarƙashi ya sa kafaɗa. Daga shagona na ji ƙarar da ya yi. Likita ya ce ƙashin baya ne, ya kwanta a miƙe a kan katifa mai tauri, ko juyi kada ya yi sai an juya shi. A makon nan ruwan farko ya sauka.

'Yarsa tana nesa da ɗanyen goyo, don haka jinya ta faɗo kaina. Na kwaso kekena na kafa a falonsu, ƙofar ɗakinsa a buɗe. Mutumin da bai taɓa zama ba, ga shi a shimfiɗe yana kallon silin. Yatsun ƙafarsa ne kawai ke motsi, su kuwa ba su huta ba. Ruwa ya yi ta zuba mako bayan mako. Duk lokacin da ya fara buga kwanon rufi, a cikinmu mu biyu kowa ya san abin da ɗaya yake tunani.

Wata rana da hantsi, ana yayyafi, na kawo masa ruwan ɗumi. Bai dube ni ba ya ce, "Da na zauna, Auta."

Na ajiye kofin. "Da ka zauna me zai faru?"

"Abu ɗaya ta roƙe ni. Da ina wurin, da na ga numfashin ya canza, da na kira su da wuri."

"Ni da nake wurin fa? Makauniya ce ni? Na kira su, sun zo, sun yi iyakar yinsu." Zuciyata ta hau, na ja kujera na zauna a gabansa. "Yau dai ba inda za ka. Kai ne kake gaya wa mutane matattunsu jira suke. Da taka ta zo, ka ƙera mata keji har da wurin kwaɗo. Ranar tashi da injin yanka za a zo a fito da ita? Kabarin Yesu an danne shi da dutse, an sa masu gadi, ya hana?"

Ya rufe ido. Na ce, "Buɗe kunnenka. Da ka fita da kujerar, na tashi zan kira ka. Yaya ta riƙe mini zane. Ta ce, 'Bar shi ya je, Auta. Haka yake nuna ƙaunarsa, da gyara. Ba shi ke riƙe da numfashina ba. Wanda ke riƙe da shi bai taɓa fita ya bar ɗakin nan ba.' Har dariya ta yi. Wannan ne na yi ta bin ka da shi."

Hawaye ya gangaro ya shiga kunnensa, ba shi da halin juyawa. Na goge masa da bakin mayafina. Can ya ce, "To me ya sa Allah bai tsayar da ni a ƙofa ba? Ko ya jinkirta ta kaɗan?"

"Ban sani ba. Ni ma na tambaye shi, bai ba ni amsa ba. Amma ranar da Ɗansa yake rataye, kowa na ganin komai ya lalace, ai bai saki duniya ba. Ran nan a asibiti ma bai sake ta ba."

 Ya ce in maimaita abin da ta faɗa, na maimaita.

Da ya fara takawa da sanda, shago ya ce in kai shi. Ya wuce dodon ƙarfen bai kalle shi ba. Ya nuna bango, maƙwabci ya sauko masa da kujerar. Ya zauna a kanta, ya sa baƙin gilashi, ya yanki bututu biyu marasa nauyi. Ya liƙa gaba, ya liƙa baya, ya buga ya saurara. Mutane suka tsaya a titi suna kallo, don ba wanda ya taɓa ganin sa yana walda a zaune.

Ni na riƙe gicciyen, shi sandarsa, muka gangara maƙabarta.  Ruwa ya share layin gaba ɗaya. Babu tudu, babu katako, duwatsuna ma sun tafi. Mai gadi ya sare ciyawar, abin da ya rage fili ne shimfiɗaɗɗe. Ya sosa kai ya ce, "Tsakanin nan ne da can, amma in na ce ga wurin, na yi ƙarya."

Mijin Yaya ya taka zuwa can, ya dawo, ya sake komawa. Ya caka sandarsa nan, ya caka can. Ya juyo. "Auta, ke kin sani?"

Na duba, na duba. Na ce, "Ban sani ba." Kuka ya ƙwace mini.

Na zaci zai ce yana zuwa, ya je neman shebur ko wanda zai tuna. Sai ya karɓi gicciyen daga hannuna, ya kafa shi a tsakiyar filin, ya jingina da nauyinsa har ya shiga ƙasa. Ya ce wa mai gadi, "Ka gaya wa iyalan sauran su zo, ni na ja musu wannan. Zan yi nasu, mu jera." Sannan ya lallaɓa a hankali saboda bayan, ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Daina kuka," in ji shi. "Ni ne na ɓatar da wurin, Allah bai ɓatar ba. Ranar da zai kira ta, ba farantina zai tsaya karantawa ba."

Muka jima a haka. Hadari ya sake haɗowa, na tuna na bar kayan mutane a kan igiya. Na ce, "Mijin Yaya, tashi mu tafi."

Ya ce, "Je ki, Auta. Ni ina nan tukuna."