Kalmar da na kasa rubutawa a littafin sa hannu

Har yau ban manta da ranar da Ustaz Magdi, manajanmu, ya miƙo mini sunayen waɗanda za a sallama ba. Shekarar 2012 ce, ina ofishinmu na unguwar Mohandessin a babban birnin Masar, inda muke shirya wa marasa lafiya daga Najeriya da Nijar ganin likita da masauki da tafinta. Tun bayan juyin juya hali mutane suka ja baya da zuwa Masar, har mukan wuni muna shan shayi muna gadin waya. Ni ke riƙe da fayilolin ma'aikata da littafin da kowa ke sa hannu in ya zo da in zai tashi.

Sunaye uku ne. Na ukun shi ne na Malama Rukayya, tafintar mata, shekararta biyu tare da mu. Alhali sati uku ke nan da na ci naman sunan 'yarta a unguwar Abbasiya.

Na ce, "Ustaz, ai wannan jego take yi."

Ya turo mini littafin, ya ce, "Ya Nasiru, ni wannan na bi. Wanda ya fi fashi shi zai fara tafiya. Nuna mini inda aka rubuta haihuwa."

Babu. Da hannuna nake rubuta "uzuri" a gaban sunanta kullum, har wata guda. Cikin fari ne, kun kuwa san halinmu. Ranar da za ta tafi ta tsaya nesa da teburina, ta ce, "Malam, zan ɗan kwana biyu a gida." Na sunkuyar da kai na ce Allah ya raba lafiya. Ita ba ta furta ba, ni ban tambaya ba, ga mijinta abokina tun muna ɗalibai. Shi kuwa Ustaz a babban ofis na Wustul Balad, can tsakiyar birni, yake zama, sai jefi-jefi yake leƙo mu, hijabinta kuma har ƙasa.

Ga yadda tsarin yake. A dokar ƙwadago ta Masar, macen da ta cika wata goma a wurin aiki tana da hutun haihuwa na kwana casa'in, kuma ba a sallamar ta a cikinsa. Amma sai ta kawo takardar likita an sa a fayil. In babu takarda, mai fashi ce kawai, fashi kuma shi kansa dalilin kora ne.

Na gaya wa Ustaz gaskiya, laifina ne. Ya yi dariya har da buga tebur. "Mu nan Masar, in mace ta yi ciki, tun wata na biyu har mai gadin bene ya sani! Ma'alish, ba komai. Ranar Alhamis zan kai wa mai kamfani sunayen. Kawo mini takarda kafin nan, khalas, magana ta ƙare."

Washegari na shiga jirgin ƙasa na metro na sauka Abbasiya. Mijin ya tarbe ni a falo, na yi ta kewaye-kewaye ina gumi, sai da ya ce, "Kai Nasiru, yau kuma aurena ka zo nema?" Rukayya tana jinmu daga ɗaki. Sai ga ambulan an turo ta ƙarƙashin labule, da takardar likita da ta haihuwa a ciki. Ashe ta likitan tun kafin ta daina zuwa aiki aka ba ta.

Ta ce, "Sau biyu ina zuwa da ita ofis, Malam. Nauyi na ji."

Ranar Laraba Ustaz ya karanta, ya buga hatimi, ya soke sunanta a gabana, ya ce a kai wa jaririya gaisuwa. Sauran biyun an sallame su bisa ƙa'ida, kuma na ji zafin rabuwa da su. Amma wallahi ranar na koma gida zuciyata wasai.

Abin da nake gaya muku ke nan, ku masu riƙe fayil yanzu. Kunya abin kirki ce, amma doka abin da ke rubuce kaɗai take karewa, don haka ku rubuta abu da sunansa ko da kanku a sunkuye. Rukayya ta dawo bayan kwana casa'in ta ci gaba da aikinta. Bayan shekara biyu, wata safiya, ta zo ta kife wata takarda a kan teburina, ta wuce ba ta ce uffan ba. Ni ma ban ce ba. Na jira ta fita, na buɗe littafi, na rubuta "hutun haihuwa" da manyan baƙaƙe.