Rawanin Mai Gashin Baki

Mu a Minguettes, unguwarmu a Turai, ba mu da murhu, shofaj muke da shi, ƙarfen ɗumama ɗaki. Lokacin da Iya, kakata ta wajen uwa, ta zo daga Maradi jinyar gwiwa, a gindinsa take shimfiɗa bargo bayan isha'i, ta miƙe ƙafa tana harararsa. "Wutar da ba a gani, ni ban yarda da ita ba." Iya dama ba ta yarda da komai ba: asansar mai hawa da mu bene, madarar kwali, maƙwabcin da ya cika gaisuwa.

Sai ta ce, "To ga ta nan, mai so shi matso." Mu yaran gida mu rufe ta. Akwai labarin kura, akwai na zomo, amma wanda muka fi so shi ne wanda take rantsuwa ba tatsuniya ba ne. Labarin Mai Gashin Baki.

Wai wani Ba'indiye ne mai tsaron kantin yadi a kasuwar Maradi, dogo, gashin baki a murɗe, kullum da rawani mai ratsin ja da ɗorawa kamar igiyar ruwa. Ciwon shawara ya kama shi, kowa ya gudu. Kakana Malam Sani, tela ne a bakin kantin, ya ɗauko shi ya ajiye a zaure, Iya na dama masa kunu har ya miƙe. Ranar da zai koma ƙasarsu, gaban jama'a, ya sa hannu ya tuɓe baƙin rawanin Malam ya naɗa a kansa, nasa kuma ya naɗa wa Malam. Ya rungume shi yana kuka, ya shiga mota.

Nan muryar Iya ke tashi. "Ku ji hwa! A tuɓe ma namiji rawani cikin kasuwa? Kuma shi tahi da shi, da zufar kan mutum a jiki? Wa ke ɗaukar kayan jikinka in ba mai shirin yi maka asiri ba?"

Ranar Iya ta ɗauke rawanin Ba'indiyen ta tura ƙasan akwati. Malam ya nema har ya gaji. Bayan shekaru ciwon kai ya kama shi, shi ne ajalinsa. Iya ba ta taɓa cewa Mai Gashin Baki ne ba. In ta kawo nan sai ta ce mu tashi mu kwanta.

Ni kuwa ita nake zargi. Iya da kallon fim ɗin Indiya! Yau mutumin na da takobi, gobe babu. Na ce ƙirƙira ce. Sai ranar da za ta koma ta ja ni ɗaki, ta zaro rawanin daga ƙasan kayanta, yadi marar nauyi, tsawo kamar ba zai ƙare ba, sai warin kafur.

"Ke mai lakwal, kin yi boko, bincika mini. Na kasa ƙona shi, na kasa kwana da shi. In shi ya kashe mini miji, ina son in sani kahin in iske shi."

Franchement, gaskiya tsoronsa nake ji. Ya daɗe a saman kabad. Da aiki ya kawo ni Paris na kai shi kantunan Indiyawa na La Chapelle, wani ya juya shi ya ce ba nasu ba ne, na mutanen arewacin ƙasarsu ne. Na mayar na ajiye.

Watan jiya Kiran, abokiyar aikina, tana nuna mini hotunan bikin yayanta a Rajasthan. Ta ce su 'yan ƙabilar Rajput ne. Ina dubawa, ga ratsin rawanin Iya a kan maza reras! Washegari na zo da shi cikin jaka, ta kira babanta ta bidiyo. Kafin gaisuwa ma tsohon ya daka mata tsawa. Ashe jakar na ajiye a ƙasa.

Kiran na fassara. A wajensu rawani shi ne mutuncin namiji, ba ya taɓa ƙasa. In maza biyu suka yi musanyarsa sun zama 'yan'uwa, su da 'ya'yansu har jikoki. Ba a yi wa kowa haka sai wanda ka ɗauka kamar ciki ɗaya kuka fito.

"Kakanki ya riƙa ɗaura shi?"

"Sau ɗaya," na ce.

Ni jikar Iya, ina jira ya ce in aiko masa da shi. Sai ya haɗa hannuwa ya ce in gaida masa Iya, uwarsu ce.

A tashar jirgin metro na kira Maradi. Na faɗa wa Iya duka.

"Ashe ƙanen mijina na kulle cikin akwati," in ji ta. "Malam kullum cewa yake mutumin kirki ne. Ni ce ban ji ba."

Da ina yarinya na ɗauka labarin gargaɗi ne a kan baƙo. Yanzu na gane tambaya take yi mana kowane dare, mu kuwa muna jin daɗin takobi.

"Ki shanya shi shi sha iska, ɗiyata," ta ce. "In an samu mai zuwa, ki aiko mini abina." Ta ja hanci. "Amma wanga tsoho na cikin waya, kin tabbata ba saye zai yi ba?"