Yagon da Ba a Binne Ba

Oyugi bai taɓa ganin ubansa ba, amma duk Asembo babu wanda ya sha zagi a kan uba kamarsa. Uwarsa Akeyo na ɗauke da cikinsa lokacin da Nyar Nam ta nutse, ƙaramin jirgin hayaƙin nan mai kwasar auduga zuwa Kisumu, wanda mijinta Ragwar ke zuba wa itace a murhu. Tafki bai dawo da gawa ko ɗaya ba. Sauran gidajen suka yi abin da aka saba: suka saro ɗan itacen da suke kira yago, dogon nan mai reto a bishiya, suka binne a madadin mutum, suka yi kukansu suka huta.

Gidan Ragwar kaɗai aka hana. Wani mai tallan gishiri, Allah wadai da bakinsa, ya rantse ya ga Ragwar a Mwanza bayan hatsarin, da wata mace a gefensa. Dattawa suka ce ba a binne wa rayayye yago, kashe shi ke nan. Haka Akeyo ta tsufa, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba.

Oyugi ya tashi ana ce masa ɗan hayaƙi, wai ubansa ya bi iska. Da ya girma sai ya zama mai nutso, yana kwance wa masunta koma in ta maƙale a ƙasa. A bakinsa sana'a ce, amma kowa ya san abin da yake lalube. Ya yi furfura yana laluben, kunnensa ɗaya ya toshe, ƙirjinsa ya koma kamar tsohon zugazugi.

Shekarar da ruwa ya ja baya, sai ga haƙarƙarin ƙarfe sun leƙo daga cikin tafki. Gardama ta ɓarke a bakin tafki. Wasu suka ce Nyar Nam ce, wasu suka ce kwale-kwalen kaya ne da Turawa suka yasar. Masu sayen tsohon ƙarfe kuwa ba ruwansu da suna, har sun sauke tukwanen gas ɗinsu na yanka ƙarfe. A lokacin Akeyo ta makance, ko kunu ba ya wuce mata.

"Ƙofar murhun ba ta da mariƙi," ta ce masa. "Sarƙa ubanka ya naɗa mata, ita ta ƙona masa hannu. Je ka duba mini, Oyugi. Ba zan tafi ban sani ba."

Ya samu shugaban masu yankan, wani mai suna Odundo, ya roƙe shi har da durƙuso.

"Haba tsoho, tashi mana! Da wannan tarin naka za ka nutse? Ka bari mu yanka, in mun ga babanka ma gaishe shi."

"Ka ba ni yau kawai, ɗana. Uwata ce ke jira."

Odundo ya daina dariya, ya juya ya ce wa mutanensa su je su ci abinci.

Oyugi ya nutse. Ruwan baƙi ne, da hannu yake gani. Ya taso yana aman ruwa, ya koma. Ya taso da jini a hanci, masunta na ihu, "Ku riƙe shi, zai kashe kansa!" Ya fizge ya sake komawa. Can cikin laka hannunsa ya faɗa kan tukunyar injin jirgin, ya bi ta har ƙofar murhu, sai ga sarƙa, tsatsa ta manne ta wuri ɗaya. Nyar Nam ce.

Murnar ba ta kai ko'ina ba. Ya kwashi laka ta ko'ina, ya tura hannu har kafaɗa, babu ƙashi, babu takalmi, babu komai. A nan abin ya faɗo masa, ya ji kamar ya buɗe baki ya sha ruwan ya huta. Jirgin ya samu, amma ƙarfe ba ya faɗin wanda ke ciki. Duk rayuwarsa ya ƙarar a kan neman abin da ba shi aka tambaya ba.

Ya isa gida jiƙe, da guntuwar sarƙa. Akeyo ta shafa ta, ta kai hanci ta sansana.

"Ita ce," in ji ta. "Shi fa? Yana ciki?"

Oyugi ya dubi ƙasa, duk da ba ganinsa take ba. "Yana ciki, Mama. A bakin murhu."

 Ta lalubo fuskarsa ta riƙe.

"Muryarka na rawa, kamar tasa in yana yi mini ƙarya."

Hawayensa suka bi yatsunta.

"Na gaji, Oyugi," ta ce. "Ɗauki adda. Ka zaɓo mini yago babba, dogon mutum ne."