Kundin Anti Gyara

Shagonmu yana bayan katangar jami'a, na uku daga ƙaramar ƙofa, tsakanin mai ɗinkin kundi da mai gyaran waya. Kwamfuta biyu gare mu, da benci guda, da injin hoton takarda mai tari kamar tsoho. Ni ce a kan injin. Yayata kuwa tana kan kwamfuta, tana buga wa ɗalibai kundin kammala digiri. Shekara goma sha tara ta yi a kujerar nan, har matashinta ya lotse.

Ɗaliban sashen tattalin arziki suka fi zuwa, don ajinsu ne kusa da ƙofar. Su suka raɗa mata Anti Gyara, saboda Yaya ba ta iya ganin kuskure ta wuce. Da farko harafi take gyarawa, daga baya ta koma jimla. Da ta buga kundi ɗari biyu, ɗari uku, duk a kan hauhawar farashi da rashin aikin yi da kuɗin ruwa, sai karatun ya shige ta ba ta ankara ba. Ɗalibi zai kawo shafi biyu na shirme, ta karanta, ta ja tsaki.

"Ɗana, kai kanka ka gane abin da ka rubuta nan?"

Ya sosa ƙeya. Sai ta goge, ta zuba masa nata bayanin, tas, yadda ko ni da nake gefe ina ganewa. Ko sisi ba ta taɓa karɓa a kan wannan ba. Daɗi kawai take ji.

Ita ce ta ɗaya a ajinsu a sakandare. Shekarar da ta gama Baba ya rasu, mu huɗu ne a bayanta, sai ta koyi bugun takarda ta ciyar da mu. Ba ta taɓa yi mana gori ba. Ni ce dai da bakina marar linzami na tsokane ta wata rana, na ce, "Yaya, kina ta rabon digiri, ke ko ɗaya ba ki ajiye wa kanki ba." Ta yi dariya. Bayan wata biyu ta nuna min takardar shiga karatun digiri na ƙarshen mako a sashen tattalin arziki, tana da shekara arba'in da ɗaya. Har yau ina jin haushin bakina.

Shekara biyar ta yi tana zama aji ɗaya da sa'annin 'yarta. Darasin ƙididdiga ya kayar da ita sau biyu, ta tashi ta sake. Ta fara sa tabarau. Sabgogin dangi suka wuce ta, 'yan'uwa suka yi ta ƙorafi wai boko ya hau mata kai. Mijinta, direban motar haya, yakan sauke ta a ƙofa ya ce, "A sauka lafiya, Farfesa," ta harare shi tana murmushi. Ba aiki take nema ba, wa zai ɗauki mai shekara arba'in da shida? Abin da take so bai wuce ta ga kundi guda da sunanta a bango ba, da takardar shaida ta rataya inda 'ya'yanta za su gani.

Kundinta a kan tsadar takarda ta yi shi, yadda take durƙusar da ƙananan shaguna irin namu. Shago sittin ta zaga da ƙafarta tana tambayoyi. Babi na ɗaya da na biyu, inda ake bayanin ma'anar abubuwa, cikin mako guda ta rubuta su, ba ta ko buɗe littafi ba. Me za ta buɗe? Duk suna kanta.

Abin da ba mu kawo a rai ba, shekara biyu kafin nan sashen ya zuba duk tsofaffin kundaye a kwamfuta, ya kawo manhajar da ke gwada sabon rubutu da tsoho don kama masu satar aikin wasu. Aka saka na Yaya. Manhajar ta fito da kashi sittin da ɗaya cikin ɗari, wai kwafe, daga kundi ashirin da uku.

Yaya ta dawo shago da takardar sakamakon, ta shimfiɗa a kan injina. Duk inda aka shafa ja, maganarta ce, wadda ta rubuta wa wani shekara takwas, shekara goma da suka wuce. Mutum ba ya canza yadda yake bayani. Yadda ta faɗa musu, haka ta faɗa wa kanta.

"To ai da sauƙi," na ce. "Tsofaffin fayilolin suna nan da kwanan wata. Har takardun da suka kawo da rubutun hannunsu muna da wasu. Ki kai wa kwamitin da zai binciki maganarki, su ga waye ɓarawon."

"In na kai, me za a yi musu?"

"Ina ruwanki?"

Dokar a fili take. Wanda aka tabbatar wani ya rubuta masa, ana iya ƙwace digirinsa ko bayan shekara nawa ne. Ita ma ba za ta fita fes ba, amma da gargaɗi za ta tsira, in ji malamin da ke duba aikinta. Na kwashe fayilolin a filashi, na tura mata a jaka da kaina.

Ana gobe zaman kwamiti, da azahar, wani ƙaramin malami ya shigo shagon. Na gane shi. Siririn yaro ne a da, mai riga ɗaya, wanda Yaya kan bar shi ya yi karatu a bencinmu don ɗakinsu ba wuta. Yanzu shi ne sakataren kwamitin, kuma kundinsa ne na bakwai a jerin. Ya gaishe ta har ƙasa. Ya tsaya yana juya makullin babur a hannu.

"Anti, na zo ne kawai in gaishe ki." Ya juya zai fita, sai ya ƙara da cewa, "Mai ɗakina ta kusa haihuwa."

"Allah ya raba lafiya," in ji Yaya.

Bai roƙe ta komai ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Da ya fita na ce, "Munafuki!" Ta ce in rufe mata baki.

Washegari na raka ta, na zauna a bencin baranda. Minti goma sha biyu suka yi. Abin da ta gaya min daga baya shi ne, shugaban sashe ya karanta laifin, ya tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta dubi jerin sunayen. Ta san kowa: wadda ke aikin banki yanzu, wanda ke koyarwa a ƙauye, wanda mahaifiyarsa ta zo shago ta yi mata godiya da hawaye. Sakatare ya dasa ido a kan takardarsa. Filashin yana cikin tafinta.

Ta ce, "Ba ni da abin cewa, ranka ya daɗe."

Bayan mako uku wasiƙar kora ta iso. Na yi kuka, na yi zagi, na ce zan kai fayilolin da kaina. Ta ce in na kai, ba ni ba ita. Mijinta ya daina ce mata Farfesa, kuma na ga rashin jin sunan ya fi yi mata ciwo.

Ran Litinin ta buɗe shago kamar kullum. Wata yarinya 'yar ajin ƙarshe ta kawo babi na biyu. Ina ɗaukar hotonsa idona ya faɗa kan wani layi, ta rubuta wai in kaya suka yi yawa a kasuwa farashi tashi yake yi. Ni da ban taɓa shiga ajin jami'a ba na san ta juya maganar.

"Anti," in ji yarinyar, "an ce kina duba wa mutane. Don Allah in kin ga kuskure ki gyara min."

Yaya ta karanta layin. Na ga yatsunta sun tsaya a kan madannai, sun daɗe a tsaye.

"Ni bugu kawai nake yi, 'yata," ta ce.

Ta buga shi yadda yake, harafi da harafi. Yarinyar ta karɓi takardunta, ta yi godiya sosai, ta tafi kai wa malaminta.